Yarinyar da Hannunta Ke Tashi a Makare

Akwai wani ma'aikacin ofishin ilimi a lardinmu na kudancin Koriya, sunansa Malam Tak Gyu-hwan. Aikinsa tattara adadin yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman a makarantu, masu matsalar ji ko gani ko koyo. Inda lissafi ya nuna akwai yaro, can ake tura malami. Inda ya nuna babu, ba mai leƙawa.

Mutum ne mai sanyin jiki, har abokan aikinsa ke tsokanarsa cewa kafin ya sa hannu a takarda shayinsa ya huce. Ni kaina na sha yi masa dariya, ina kuma jin kunyar hakan yanzu.

Wata shekara aka yanke cewa malamar da ke koyar da maganar hannu za ta daina zuwa wani ɗan tsibiri, tunda rahotonsu ya daɗe yana cewa duk yaran suna ji garau. Hannun Malam Tak kawai ake jira. Shi kuwa ya ce sai ya gani da idonsa. Shugabansa ya ɓata rai, ya ce ya je ya sha iskar teku ya dawo.

Ya bi jirgin ruwa na safe tare da ma'aikaciyar jinyar da ke gwada kunnen yara. Hazo ya rufe teku ruf, ba a sanin inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Tsibirin ya ɓullo a hankali, da ganyen teku a shanye bisa igiyoyi, kamar ba a farke mutum yake ganinsa ba.

A nan ya ga yadda ake gwajin. Jirgi ba ya jira, da zarar ruwa ya fara janyewa zai juya. Don haka maimakon ɗaya bayan ɗaya, sai a jera yaran gaba ɗaya suna fuskantar taga, a kunna na'ura a bayansu. Duk wanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu.

Hannaye suka tashi duka. Amma na wata yarinya mai jar riga, Da-som, yakan makara da ƙiftawar ido. Malam Tak ya zuba mata ido, sai ya gane. Hazo ya mai da gilashin tagar madubi, a ciki take kallon hannun sauran.

Ya bar jirgi ya tafi, ya bi Da-som gida.

Kakarta, Kaka Bok-rye, ita kaɗai gare ta. Ta zuba masa shinkafa da miyar ganyen teku, ta zauna tana harararsa. Da ya kawo maganar, ta ajiye cokali.

"Ni na koya mata kallon taga," in ji ta. "Ka rubuta, su zo su kai ta makarantar kwana a birni, ko? Ni kuma in zauna da wa, da kifi?"

"Kaka, in ban rubuta ba, malamar ce za ta daina zuwa. In na rubuta, za ta ci gaba da zuwa nan tsibirin."

"Ku mutanen ofis, bakinku ba ya ciwo."

Can jirgin yamma ya busa ƙaho, karnuka suka ɗauki haushi, tsuntsaye suka watse. Da-som na zaune a bakin ƙofa tana jera bawon kawa da ta tsinto a bakin teku, ko motsi ba ta yi ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon bayanta, sannan ta goge ido da gefen riga ta ce ya rubuta.

Ya sha faɗa a ofis, domin ya ɓata musu rahoto mai kyau. Bai tsaya nan ba, ya nace a sake gwada yaran sauran tsibiran ɗaya bayan ɗaya, aka kuwa samo wasu irin Da-som. Malamar ta ci gaba da zuwa, yarinyar ta girma a ɗakin kakarta.

Shekaru suka shuɗe. Malam Tak ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, amma ya ƙi yarda. Da ƙyar 'yarsa ta ja shi asibiti.

Wata matashiya mai ɗan abin ji a kunne ta zaunar da shi, ta koma bayansa wurin na'ura. Tsoro ya kama shi, don ba ya jin komai. Sai ya lura yana hango yatsanta a gilashin taga. Tana dannawa, yana ɗaga hannu.

Ta taso ta ja labule. Ta tsaya a gabansa tana murmushi, ta yi magana a hankali yadda zai karanta leɓenta.

"Haba Malam, ni za ka yi wa wannan? Ai ni ce mai jar riga."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sauke hannunsa, ya bari aka gwada shi da gaskiya.

Darasi: Kafin ka rubuta "babu", je ka duba, domin bayan kowane lissafi akwai yaro mai suna da fuska. Tura wa malami ko ma'aikacin da ka sani wannan labari, wataƙila akwai yaron da ke jiran a lura da shi.