Fadar da Ba Ta Tayi

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wani sarki mai suna Barau, wanda Allah ya hore wa ƙasa mai albarka da zuciya mai tausayi. Abu biyu aka san shi da su. Ba ya iya cin tuwo in ya ji akwai mai yunwa a birninsa, kuma ya gaji wata al'ada daga kakanninsa, cewa fada ba ta tayi. Duk abin da mai kaya ya yanka, shi za a biya, don a wurinsu neman ragi zubar da girman sarauta ne.

Wata shekara damina ta ɗan yi gardama, farashin gero ya motsa kaɗan. Sarki ya kira Sarkin Hatsi, bawan da ke kula da rumbunan fada, ya ce kowace ranar kasuwa ya sayo gero a riƙa rabawa a ƙofar fada. Shekarar da ta biyo an yi amfani har ba wurin zubawa, amma gero ya ƙi sauka. Sai ma hawa yake, yana jan dawa da wake da gishiri a bayansa. Masu fura suka ƙanƙance curi har ya koma kamar ƙwan zabo. Magidanta suka soke abincin rana. Attajirai kuwa suka daina ɗaure wa ayari kaya, suka zuba jarinsu a hatsi, don wa zai ratsa daji da raƙuma alhali dukiya na haihuwa a rumbu? Masaƙa da marina suka rasa masu saye, su ma suka zo suka tsugunna a ƙofar fada. Da Sarki ya ga sun ƙaru, sai ya ce a ninka sayen.

Ran nan abin ya ishe shi. Ya rantse a gaban fadawa cewa duk wanda aka samu shi ne tushen tsadar nan, za a fasa rumbunansa a raba, a zagaya kasuwa da shi ba rawani ba takalmi. Kafin la'asar dogarai sun kawo Madugu Jatau, dattijon attajiri wanda rumbunansa suka fi na kowa cika. Jatau ya faɗi ya ce shi dai ya ga gero na tashi ya saya, ba shi ya tashe shi ba. Ba wanda ya saurare shi, don mai yunwa ba ya son dogon bayani daga mai rumbu.

Waziri Cindo, mutum mai sanyin magana, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ɗaga hukuncin nan zuwa ranar kasuwa. An gaya mini tsadar nan da ƙafarta take zuwa, ta ƙofar gabas. Ina so Sarki ya gan ta da idonsa."

Ranar kasuwa Waziri ya sa aka kewaye wata rumfa da zana a layin ma'auna, ya shigar da Sarki tun da sassafe. Sarki ya leƙa, abin da ya gani ya ɗaure masa kai. Ga hatsi jibge, ga masu saye tsaye da ƙorai, amma ba mudu ɗaya da ke motsi. Wata tsohuwa ta roƙi wani ma'auni mai suna Nomau ya auna mata, jikokinta ba su karya ba. Nomau ya ce, "Yi haƙuri, Inna, farashin yau bai iso ba tukuna."

Hantsi na dubawa sai ga jakuna sun ɓullo ta ƙofar gabas, Sarkin Hatsi na gaba. Ya tsaya wurin Nomau ya tambayi nawa. Nomau ya dubi sama, ya dubi maƙwabtansa, ya yanka kuɗin da shi kansa bai taɓa jin irinsa ba. Sarkin Hatsi ko gira bai ɗaga ba, ya ce a loda. Kafin a ɗaure mangala, maganar ta ratsa kasuwa daga wannan baki zuwa wancan, har mai albasa ya rage kashinsa. Aka buɗe awo a kan sabon farashi. Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta miƙa duk abin da ke ciki, aka zuba mata abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juya ta nufi ƙofar fada inda ake rabo.

Kunya da tsoro suka kama Sarki lokaci ɗaya. Da ƙyar ya ce, "Waziri, ai jakunan nan na fadata ne."

Waziri ya ce, "Naka ne, ranka ya daɗe. Ma'auni ya yanka, fada ta biya, gari ya bi. Jatau na cikin masu bi, sai dai shi da babban buhu ya bi."

Sarki ya tambayi me ya sa tuntuni ba a gaya masa ba. Waziri ya amsa cewa in da baki aka faɗa, da yanzu mai faɗar ne ke zagaya kasuwa ba takalmi. Ya ƙara da cewa malamai na iya samo wa rantsuwar mafita, a yi kaffara a rufe zancen. Sarki ya miƙe. Ya sa hannu ya warware rawaninsa, ya tuɓe takalmansa, ya ture zanar ya fito.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da kasuwar nan ta yi ba. Mahauci ya tsaya da wuƙa a sama. Mata suka rufe idanun 'ya'yansu. Sarki ya zagaya layi-layi da kansa a buɗe, rana na dukansa, Waziri na biye yana shelar a saki Madugu Jatau, a fasa rumbunan fada a raba. Da Jatau ya ga haka, ya fashe da kuka, ya ce a buɗe nasa ma a sayar, gobe zai ɗaure wa ayari kaya.

Sarki ya ƙare zagaye a gaban Nomau. Ya nuna mudu ya tambayi nawa. Nomau ya faɗa. Sarki, wanda bai taɓa yin tayi ba, ya taya rabi. Bakin ɗan kasuwa kuwa ya riga hankalinsa, sai Nomau ya ji kansa ya ce, "Albarka."

Dogarai suka dafa takubba, don tun da aka kafa birnin ba a taɓa ƙin maganar sarki ba. Sarki ya ɗaga musu hannu. Ya juya kamar kowane magidanci, ya nufi rumfa ta gaba. Bai yi nisa ba sai ga Nomau a guje da mudu a hannu, gero na zuba, yana cewa, "Dawo, ranka ya daɗe, na sallama."

A kan wannan farashi kasuwa ta tashi ran nan, kuma a kansa tsohuwar ta cika ƙwaryarta da ranar kasuwa ta zagayo.