Makaniken da Ya Ƙi Sa Hannu

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Malam Ilu. Makaniken ƙananan jiragen sama ne, irin masu cin mutum huɗu. Ba shi da yawan magana.

Wata rana wani attajiri, Alhaji Mamuda, ya kawo masa gyara. Akwai wani faifai a bayan wutsiyar jirgi, shi matuƙi ke motsawa jirgi ya hau ko ya sauko. To shi ne ya tsage.

Alhaji ya ce, "Yi masa ciko, ka shafa fenti, ka sa hannu. Jibi zan kai iyalina suna."

Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi wa wannan rufa-rufa. Ko fenti aka ƙara masa, doka ta ce sai an ciro shi an auna, a ga nauyin gaba da na baya sun daidaita. In baya ya rinjaya, a sama zai kama kaɗawa har ya ɓalle. Ka ba ni sati guda."

"Sati? Kai ɗin wa? Jirgin ubanka ne?"

Ku saurara! Dattijo da furfurarsa aka zage shi a gaban jama'a, aka kore shi daga aiki. Bai rama ba. Cewa kawai ya yi, "Hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Aka kira wani makanike, Lawandi. Kafin la'asar ya cike, ya fente, ya sa hannu. Faifai sai ƙyalli. Ƙyalli, jama'a!

To a filin jirgin nan akwai al'ada: wanda ya yi gyara, da shi ake tashin gwaji. Matuƙi ya buɗe ƙofa ya ce, "Bismillah, Lawandi."

"Ai cikina ke murɗawa tun safe."

"Gobe fa?"

"Gobe ina da ta'aziyya."

"Ta wa? Tawa?"

Alhaji na tsaye yana ji. Ya leƙa kujerun baya inda 'ya'yansa ke zama. Da ƙafarsa ya taka har gidan Malam Ilu, ya roƙe shi ya dawo ya sake gyaran. Bayan sati guda aka yi gwaji, ba wanda ya ce wa dattijon ya shiga. Shi ya fara shiga.

Ku ji tsoron Allah! Ke mai abincin sayarwa, kai mai gyaran birki, kai magini: aikin da ba za ka yarda ka ɗora ranka a kansa ba, da wane ido kake ɗora ran ɗan wani? Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne, kuma fenti ba ya rufe shi ranar hisabi.