Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin Fitila

Akwai wani wanzami da aka yi a ƙauyen Marke, can ƙasar Kiru, sunansa Ubale. Duk namijin ƙauyen da bai haura talatin ba, Ubale ne ya yi masa kaciya. Shi ke askin suna, shi ke ƙaho, shi ke cire belu. Hannunsa kuwa ba a magana, har daga Bebeji ana aiko masa.

Sai dai Ubale yana da abin da yake ɓoyewa. Idonsa ya fara tafiya. Shekara biyu ke nan yana ganin mutane kamar ta cikin hayaƙi. Hanyoyin gari ƙafarsa ta haddace su, mutane yana gane su da murya, kan kowa kuma yatsunsa sun san shi. Daga shi sai matarsa Dije suka sani. To wa zai miƙa ɗansa ga wanzamin da ba ya gani? Ga bakin mutum tara da ke ci daga zabirarsa.

A ƙarshen shekarar 1959 aka zo da babban zaɓe, irin wanda mutum zai shiga shi kaɗai ya jefa takarda. Ƙauyuka huɗun da 'ya'yansu ke karatu a elementaren Marke, a nan makarantar aka ce mazajensu za su yi zaɓe. 'Yan takara biyu ne, ɗaya alamarsa tulu, ɗaya fitila. Mai tulu ya yi alkawarin rufa wa makarantar kwano. Dagacin Marke kuwa, wanda ƙauyukan huɗu ke ƙarƙashinsa, don neman suna, ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce ko ƙuri'a ɗaya ba za ta ɓace wa mai tulu ba.

Aka yi ta koya wa mutane: "In ka shiga, akwatin hannun dama, mai tulu."

Ubale ya riƙe hannun dama kawai, don shi tulu da fitila a takarda duk inuwa ce.

Ranar zaɓe aka kewaye kusurwar aji da zana. Ubale ya laluba ƙofar ya shiga. Ciki da duhu-duhu. Ya miƙa hannu dama, ya ji bakin akwati, ya saki takardarsa. Sai da ta faɗa sannan zuciyarsa ta ce ya duba. Ya sunkuya har hancinsa na taɓa akwatin. Fitila ce. Ashe malamin zaɓe ya jera akwatunan yadda ya ga dama, masu ido kuwa kowa ya bi alama.

Ya fito ya wuce gida, Dije kaɗai ya faɗa wa.

Bayan kwana uku wanda ya raka akwatunan wurin ƙidaya ya dawo da labari. Akwatin tulu maƙil. Akwatin fitila kuwa da aka juye, takarda ɗaya tal ta faɗo, har aka yi wa wakilin Marke dariya. Dagaci ya ji kamar an mare shi a kasuwa.

"Akwai munafuki a cikinmu," in ji shi. "Sai na san ko wane ne."

Kun san halin mutane, ba a wahalar neman mai laifi in akwai baƙo a gari. Akwai wani Ɗanasabe da ya zo daga Riruwai shekara shida da suka wuce. Ya gaji da haƙar kuza, ya samu aron gona, ya zauna da matarsa Kulu. Laifinsa ɗaya, ranar da mai tulu ya zo, shi ne ya ɗaga hannu ya tambaya yaushe za a kawo kwanon. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci.

Aka kira shi ƙofar dagaci. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni tulu na jefa wa."

"To wa ya jefa wa fitila?"

Ɗanasabe ya ce, "Allah ne masani."

Ubale yana zaune a wurin, zabira a cinya. Maganar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. In ya ce kuskure ya yi, za a tambaye shi yadda aka yi mai ido ya kasa bambance tulu da fitila. Ga shi lokacin sanyi ne, lokacin kaciya, yara goma sha huɗu suna jiransa.

Da ya koma gida Dije ta ce, "Malam, bawan Allahn nan fa bai ci ba bai sha ba."

"Ki bari, kwana biyu ne za su manta."

Ba su manta ba. Aka daina amsa wa Ɗanasabe sallama da sakin fuska. A masallaci na kusa da shi ya riƙa matsawa. Mata suka daina sayen daddawar Kulu. Da aka ga watanni sun shuɗe babu kwano babu labarinsa, sai aka ce ai ƙuri'ar nan ce ta ɓata wa mai tulu rai. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa sauran garuruwan da ba su ɓatar da ko ɗaya ba su ma ba su ga abin da aka yi musu alkawari ba. Kafin faɗuwar damina mai gona ya karɓe gonarsa.

Ranar da zai bar gari, Ɗanasabe ya zo gindin darbejiyar da Ubale ke aski, ya zauna ya cire hula.

"Wanzam, a yi mini na bankwana."

Ubale ya jiƙa kan, ya ɗora aska. A ransa yana cewa yanzu zan faɗa masa, yanzu zan faɗa masa, har aka gama askin bai faɗa ba. Ɗanasabe ya shafa kai ya ce, "Hannu dai har yanzu da sauransa." Ya yi godiya, ya ɗauki Kulu suka bi hanyar Tudun Wada, suka ratsa dajin Falgore, ya koma ramin kuzar da ya gudo wa.

Tun daga ranar Ubale bai ƙara samun natsuwa ba. Duk wanda ya zauna gabansa, da ya ɗora yatsu sai ya ji kan Ɗanasabe ne, har da ɗan tabon da ke bayan kunnen hagu. Sai ya janye hannu da sauri ya ce, "Wane ne?" Wanda ake yi wa askin ya yi dariya ya ce, "Haba Wanzam, ni ne fa Lawal." Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya rame, ya zama mai yawan waige.

Bayan kaka, wata ranar Juma'a da hantsi, aka yi sallama a gidansa. Muryar Kulu ce. Dije ta shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa, sannan ta ce rami ya rufta da Ɗanasabe. An ciro shi da rai, ya kwana biyu, ya cika. Ta gama takaba ne ta taho.

"Baba Wanzam, saƙo ya ba ni, ya ce in kawo maka da bakina. Ya ce ranar zaɓe shi ke bayanka a layi. Ya ga kana laluben ƙofar zana, ya kuma ga fuskarka da ka fito. Tun ranar ya sani."

Ubale ya ce, "Ya sani? Me ya hana shi faɗa a gaban dagaci?"

"Na tambaye shi, har faɗa muka yi. Ya ce mu biyu ne, ku tara ne. Ya ce ya yafe maka. Amma ya ce don girman Allah ka daina ɗora aska a jikin 'ya'yan mutane."

Ubale ya fashe da kuka irin wanda Dije ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Da aka sallame Juma'a ya miƙe a ƙofar masallaci, ya ajiye zabirarsa a ƙasa, ya faɗi komai, tun daga idonsa har zuwa saƙon Kulu. Ya tsaya yana jiran zagi ko duka. Mai gona ya sunkuyar da kai. Masu matsawa a sahu kowa ya kama neman takalminsa. Can dagaci ya ce a kira Kulu a ba ta haƙuri, a mayar mata da gonar.

Aka aika gidan Ubale. Dije ta ce ai tana gama isar da saƙo ta tashi, ko ruwan garin ba ta yarda ta sha ba.

Darasi: Gaskiyar da ka danne don ka tsare tuwonka, wani ne zai biya ta, wataƙila da ransa. In ka yi kuskure ka faɗa tun wanda aka ɗora wa laifin yana raye, kuma kada mu yanke wa mutum hukunci don kawai baƙo ne a cikinmu. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, ko Allah zai sa wani mai shiru ya buɗe baki yau.