Gangar Da Ba A Cika Da Ruwa Ba

Ɗan ƙanena mutum ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana shi ba. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Aibinsa guda ɗaya ne, kuma shi ya kai shi inda yake yau. Ba ya jin maganar wanda yake ganin bai kai shi ba. In ba ka da takardar makaranta, to maganarka a kunnensa iska ce mai wucewa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina dafa abinci a wani kamfanin kujeru da gadaje. Ni na roƙi mai kamfanin ya ɗauke shi aiki, bayan ya gama karatu ya shekara biyu a zaune. A gida Gwaggo yake ce mini. Ranar da ya fara aiki ya ja ni gefe ya ce, "A nan ki yi haƙuri, Mai Kicin zan riƙa kiranki, kada a ce akwai son kai." Na ce to. Na haɗiye.

Kamfanin hawa biyu ne. A sama ofisoshi suke, da sanyi da labule. A ƙasa kafintoci ne da masu fenti da masu ɗinkin kushin da masu walda, cikin ƙurar katako da ƙarar inji. 'Yan sama da 'yan ƙasa ba sa ga maciji da juna. In kaya suka makara, 'yan sama su ce lalacin 'yan ƙasa ne, 'yan ƙasa su ce ai 'yan sama ne suka kawo awo ba daidai ba. Ko a wurin cin abinci ba sa haɗa tebur. Abin ya yi tsami har wata rana 'yan ƙasa suka kashe injina suka zauna yini guda.

A nan ne mai kamfani ya kira ɗan ƙanena ya ba shi riƙon kujerar manajan ma'aikata. Ya ce masa, "Wata shida na ba ka. In ka haɗa mini kan mutanen nan, kujera ta zama taka. In ka kasa, zan nemo wani." Shi kuwa tun a makon farko ya riga ya gaya wa surukansa cewa ya zama manaja.

Yana hawa kujerar ya kafa doka. Duk mai magana da shi ya kawo ta a rubuce. Ka ce masa banɗaki ya toshe, ya ce a rubuto. Ka ce masa inji yana ƙara irin wadda ba ka yarda da ita ba, ya ce a rubuto. Rabin 'yan ƙasa kuwa sa hannu kawai suka iya. Sai suka daina zuwa wurinsa, suka laƙaba masa suna A-Rubuto. Shi a ganinsa ƙorafi ya ragu, aiki yana kyau.

Da wata na biyar ya shiga, ya ga har yanzu ba mai gaishe da wani a matakala, sai hankalinsa ya tashi. Ya tara mutane a ɗakin cin abinci, ya tsaya da takarda a hannu. Ya ce ranar Asabar ta sama za a yi taron gashin nama a filin bayan kamfani. Kowa zai sa riga iri ɗaya. Za a rubuta sunaye a jefa a kwali, wanda ka ciro shi ne abokin zamanka. Bayan an ci an sha za a yi jan igiya.

Babban kafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da muke jan katako tun safe, ranar hutu ma ja za mu yi?"

Wani mai fenti ya ce, "Ku bar shi, a sa mana Akawu a ƙarshen igiya. Da wannan tumbin ko mota ba ta jan mu."

Aka fashe da dariya, har Akawun, da yake ɗan sama ne, ya dara. Wannan ce dariya ta farko da na taɓa ji sama da ƙasa sun yi tare. Da yaron nan yana da kunne, da ya gane ƙofa ta buɗe masa. Sai ya buga tebur ya ce ba wasa ya tara su ba.

Ya juya wurin Baba Mai Walda. Dattijo ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, gajere, mai tabon wuta a hannuwa. Shekara ɗaya na riga shi shiga kamfanin. Manaja ya ce masa akwai gangunan ƙarfe da babu komai a ciki a bayan ɗakin fenti, a raba ɗaya biyu a yi murhun gashi da ita.

Baba Mai Walda ya ce, "Za a yi. Amma gangunan nan na tina ne, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Ko ka ga ba komai a ciki, tururinsa yana nan. Sai na buɗe murfi, na wanke, na cika ta da ruwa ta kwana uku, sannan in sa mata inji. In fiye da ɗaya kake so, ka gaya mini tun yau."

Manaja yana duba takardarsa ya ce, "A rubuto."

"Ɗana, ai ga ni ga ka."

"Ni ba ɗanka ba ne a nan. A rubuto."

Dattijon ya sa hularsa ya fita. Ya wanke ganga ɗaya, ya cika ta da ruwa, ranar Alhamis ya raba ta biyu, ya yi musu ƙafafu da raga, suka zama murhu biyu. Aiki ya yi kyau.

Ni ma na je masa da tawa maganar. Na same shi a ofis na ce, "Mutum tamanin ne a kamfanin nan. Murhu biyu ya ishe su in an fara da wuri. Kada ka ƙara kowa a kai."

Ya ce, "Mai Kicin, ki tsaya a kan tukunyarki."

Na ce, "Tukunyar ce ta biya maka kuɗin littafi."

Bai ɗago kai ba. Ashe ya riga ya aika wa dillalan kamfanin da manyan masu sayen kaya katin gayyata, don mai kamfani ya ga taro ya cika. Mutum arba'in ya ƙara bai gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai na safe muna filin. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ja waya daga ɗakin walda don lasifika. Ni da mata biyu muna yanka albasa. Masu ɗinkin kushin suna tsire nama a ƙarfe, sakatariya tana taya su tana toshe hanci saboda hayaƙi, suna yi mata tsiya. Wasu sun zo da matansu da 'ya'yansu. Gaskiya wurin ya fara daɗi.

Wajen ƙarfe goma motar nama ta sake dawowa da wani lodin. Manaja ya dubi tulin naman, ya dubi murhu biyu, ya dubi agogo. Mai kamfani da baƙi ƙarfe ɗaya za su iso. Ya sa aka mirgino ganga ta biyu daga bayan ɗakin fenti, aka ajiye ta kusa da katanga. Ya aika a kira Baba Mai Walda.

"Yanka mini wannan yanzu."

Dattijon ya durƙusa ya shinshina bakin murfin, ya miƙe. "Wannan ba ta yankuwa yau."

"Ba komai a cikinta. Na girgiza ta da kaina."

"Wadda ba komai a cikinta ita ce mai kisa. Na gaya maka a gaban mutane, kwana uku take so."

"Ina takardar da ka kawo mini?"

Babban kafinta ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a haƙa rami a zuba gawayi, a ɗora raga a kai. Rabin awa mun gama." Wani ya ce akwai tsohon bahon ƙarfe a sito. Ni na ce a ba ni rabin naman in dafa a tukunya, ba wanda zai ƙi ci. Hanya uku aka ba shi a tsaye a wurin. Ya ce shi ba zai tara manyan mutane ya nuna musu rami kamar a daji ba, murhu huɗu yake so a gani a jere.

Ya ce wa Baba Mai Walda, "Ko ka yanka, ko ranar Litinin ka karɓi takardarka."

Dattijon ya ce, "Na karɓa. Gara in koma gida ba aiki da a kai ni a kwance."

Wani daga baya ya yi tafi, wasu suka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa shi. Na ga kunnuwansa suna rawa kamar yadda yake yi tun yana yaro in an hana shi abu. Ya naɗe hannun riga, ya shiga ɗakin walda, ya fito da injin yankan ƙarfe, ya cire wayar lasifika ya jona.

"Yau za ku ga abin da kuke taƙama da shi ba wani abu ba ne."

Na ajiye wuƙa na nufe shi. Na kira shi da sunan da uwarsa take kiransa. Na ce, "Don darajar mahaifinka ka ajiye abin nan."

Ya ce, "Mai Kicin, koma wurinki."

Baba Mai Walda ya daka tsawa a janye yara. Mutane suka watse baya, wani ya fizgo ni da ƙarfi har na faɗi zaune. Dattijon da ya riga ya kai bakin rumfa, da ya ci gaba da tafiya da yanzu yana raye. Sai ya juyo a guje don ya cire wayar. Wayar kuwa ta bi ta gaban gindin gangar.

Injin ya taɓa ƙarfe, tartsatsi ya tashi. Ban ƙirga uku ba. Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba, har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba. Gindin gangar ya fita kamar faifai ya sami Baba Mai Walda a ƙirji. Wuta ta yi sama ta kama rumfa. Ɗan ƙanena yana ƙasa yana birgima, rigar taron tana ci a jikinsa. Babban kafinta ne ya lulluɓe shi da labulen rumfa ya kashe wutar.

A motar naman aka kai su asibiti. Mai kamfani da baƙinsa suka iso ƙarfe ɗaya daidai, suka tarar da kujeru a kife da takalman yara a warwatse.

Baba Mai Walda ya kwana biyu bai farfaɗo ba, ranar Litinin da hantsi ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, biyu ba su gama makaranta ba. 'Yan sama da 'yan ƙasa suka yi layi ɗaya a asibiti don ba da jini, kuma kafaɗa da kafaɗa suka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Ba wanda ya shirya musu wannan.

A ranar ce ni da matan kicin muka koma filin. Ba wanda ya tuna da naman. Kwana biyu yana cikin rana a robobi, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Muka ɗaure hanci da ɗankwali, maigadi ya haƙa rami, muka binne shi.

Ɗan ƙanena ya yi wata uku a gadon asibiti. Ya fito da ido ɗaya da fuskar da 'yarsa ƙarama ta yi mako biyu tana gudunta. Takardar sallama ta riga shi isa gida. Hukuma ta yi ta kiransa tana tambaya, maganar ba ta ƙare ba har yanzu. Ni ma ban ƙara wata biyu a kamfanin ba na ajiye aiki, don na kasa haɗa ido da masu walda in suka miƙo mini kwano.

Ranar da ya fara iya tafiya da kansa ya zo ɗakina ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, ki raka ni gidan Baba Mai Walda." Na raka shi. Muka yi sallama, ƙanin marigayin ya fito. Ya shiga ya gaya wa matar, ya dawo ya ce, "Ta ce ta ji. Ta ce ba yau ba." Muka juyo. Bayan wata guda ya koma shi kaɗai, aka ba shi amsar nan. Shekara biyu ke nan yana zuwa duk farkon wata, ya tsaya a ƙofar gidan cikin rana, ƙanin ya fito ya ce ba yau ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Riga iri ɗaya da nama da jan igiya ba sa haɗa kan mutanen da ka raina. Wanda yake son mutane su zama ɗaya, ya fara da sauraron mafi ƙanƙanta a cikinsu. In mai sana'a ya ce maka abu ba ya yiwuwa yau, ka tsaya, ko da bai iya rubuta sunansa ba, domin abin da ya sani da fatar hannunsa ya saye shi. Kuma ku masu riƙe da kujera ku ji tsoron Allah. Girman kanku ba ku kaɗai yake ci ba, sau da yawa wanda ya yi muku gargaɗi shi yake fara biya.