Yashin Hakama

A can zamanin da, tun ƙauyuka ba su san ganuwa ba, daji kuma ya fi gona faɗi, wasu manoma suka sari wuri a gindin wani dutse da ake kira Maiƙaho. Ƙasar tana ba da dawa har rumbu ya kasa ɗauka, amma ba da dawa aka san mutanen ba, da kokawa aka san su. Yaro tun bai iya ɗaura bante ba ake kai shi fage a miƙa wa Sarkin Kokawa, wani ƙato mai suna Arzika, wanda makaɗa ke wa kirari da cewa, “Gamji mai saiwa cikin dutse, bayanka bai san ƙasa ba!” Kuma ba ƙarya suke ba. Tun da ya shiga fage ba a taɓa kayar da shi ba.

Koyarwar Arzika ba ta da yawa. Kada gwiwarka ta taɓa ƙasa. In an kayar da kai, ka kwanta, wasa ya ƙare, ka ɗauki kunyarka. In kai ka yi kaye, ka juya wa wanda ka kayar baya, ka ɗaga hannuwa wajen makaɗa. Haka kakanninsa suka koya masa, haka ya koya wa ’ya’yan mutane. A fage kuwa babu abin da ya fi wannan kyau.

A garin akwai wata mata mai suna Hakama, ’yar wani maharbi, aure ne ya kawo ta. Gajeriya ce busasshiya, ba ta dariya sai da dalili. Mijinta ya rasu ya bar mata samari biyu, Nomau da ƙanensa Jatau. Nomau shi ne hasken idon Arzika, har ana cewa shi zai gaje shi.

Wata kaka, da hantsi, Hakama ta kai wa masu girbi fura a gona. Ba ta kai ga sauke ƙwarya ba sai ga mahara, masu kama mutane su sayar, sun fito daga cikin ciyawa da igiyoyi da wuƙaƙe. Ta faɗa cikin karan dawa ta lafe, idonta na kan komai. Ta ga samarin Maiƙaho sun sunkuya, sun miƙa hannuwa kamar masu jiran ganga. Ta ga duk wanda aka buga da ƙasa ya kwanta shiru, aka ɗaure shi kamar akuya. Ta kuma ga ɗanta Nomau ya sure babban maharan ya maka shi da ƙasa, irin kayen da za a yi shekara ana labari. Daga nan ya juya baya ya ɗaga hannuwa. Mutumin ya tashi ya soke shi.

Da aka zauna zaman makoki, Arzika ya zo ya ce, “Ki yi haƙuri, Hakama. Namiji ya mutu. Ya yi kaye kafin ya tafi.”

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, “Ya yi kaye. To kayen zan dama wa fura gobe? Wuƙar ta baƙo ce, Sarkin Kokawa, amma juya bayan naka ne.”

Arzika ya kaɗe walkinsa ya tafi.

Ɗa ɗaya ya rage mata, shi ma kullum yana fage yana koyon abin da ya kashe yayansa. Wannan ne ya hana Hakama zama. Ta ɗauko kwari da bakan mahaifinta ta shiga daji, ba don ta harbi komai ba. Ta san namun daji ba su da makaɗa, ta tafi ta ga yadda ƙarami ke tsira daga babba. Ta daɗe a can. Ta ga zabi, in ɗaya ta hango muzuru sai ta kwarma ihu duka garken ya ji. Ta ga gada ba ta jin kunyar gudu. A ƙarshe ta ga kura ta cafki dage, ɗan naman nan mai farin baya, a wuya ta danne shi, dagen ya murɗa cikin fatarsa, ya juyo ya gatsa mata cizo a hanci, ya shige rami. Wasu na cewa dagen aljani ne, abokin mahaifinta, har ya yi mata magana. Ita dai ba ta taɓa faɗin haka ba. Abin da kowa ya gani shi ne ta dawo da zanen furfura fari fat daga goshi zuwa ƙeya, irin na bayan dage.

Ba ta je fage ba. Ta sauka ƙorama, inda mata ke tona yashi su ɗebi ruwa, ta ce da su, “Ku ajiye tulunan. Yau faɗuwa za mu koya.” Suka yi ta dariya, ta bar su suka gama. Ta koya musu yadda ake faɗuwa ba a karye ba, da yadda ake mirginawa a tashi fuska na kallon abokin gaba. Ta nuna musu cewa in an riƙe wuyan hannu, ta wajen babban yatsa ake fizgewa. Ta sa su watsa yashi a ido, su kwarma ihu daga ciki ba daga maƙogwaro ba, wanda ya ji kuma ya karɓa ya miƙa gaba. Bayan duk wannan, gudu. Tsofaffi da ’yan mata da guragu, ba ta kori kowa ba.

Samarin fage suka sa wa wurin suna makarantar faɗuwa. Jatau ya shigo gida yana huci, ya ce, “Inna, kin mai da ni abin dariya. A ce uwar Nomau ce ke koya wa mutane gudu?”

Tana tuƙa tuwo. Ta miƙe da muciya a hannu ta ce, “Kayar da ni.”

“Haba, Inna.”

“Na ce ka kayar da ni, ko kokawar taka ta baki ce?”

Ya kama ta a hankali ya kwantar da ita a tsakar gida. Bai ma sani ba, jikinsa ya juya, hannuwansa suka fara tashi. Sai ya ji muciya mai zafi a ƙasan kafaɗarsa.

Ta ce, “Nan. Daidai nan suka soki yayanka. Ina kallo.”

Washegari aka ga Jatau a yashi, kansa a ƙasa. Arzika ya hana shi fage, abokansa suka daina cin tuwo da shi. Hakama ta ga yana ramewa, ba ta lallashe shi ba. Kullum sai ta sa an buga shi da ƙasa, tana cewa, “Tashi! Wa ya ce maka an gama?”

Da kaka ta zagayo, maharan suka dawo, don sun ɗanɗana sun ji garin da sauƙi. Wannan karon Arzika da kansa yana gona. Ya tsaya kamar bishiyar kuka, babu wanda ya iya matsa masa, sai suka wurga igiya a ƙafafunsa suka ja. Gamji ya faɗi. Ya kwanta shiru, ba don tsoro ba, jikinsa ne bai san wani abu da ake yi bayan faɗuwa ba.

Hakama na bakin gonar, ta ga mutum biyu sun danne Jatau. Ta ga bayansa a ƙasa, ta ga igiya, ta tuna bara. Sai yaron ya murɗa kamar dage, ya fizge hannu, ya cika idon ɗaya da ƙasa, ya mirgina ya miƙe yana kallon su. Ya kwarma ihu. Wata mata a gonar kusa ta karɓa, ta gaba ta karɓa, ihun ya yi ta tafiya har ya buga dutsen Maiƙaho ya dawo. An ce ranar dutsen ma ya amsa da muryar mutum dubu.

Jatau ya zuba a guje, ya bi ta kan Arzika, ya sare igiyar da lauje, ya ce, “Tashi, Baba! Babu ganga a nan!”

Mutanen gari suka fito da taɓare da fartanyu da gatura. Maharan da suka saba ɗaure kwantattu suka tarar kowa suka kama sai ya sulɓe, suka watsar da igiyoyinsu suka shige daji. Ba a tafi da ko mutum ɗaya ba. Hakama ta iske ɗanta yana haki, ta shafa bayansa da tafin hannu ta ji babu jini. Ta ce, “Ka yi jinkirin mirginawa.” Daga nan ta zauna a kan kunyar gona ta yi kukan da ba ta yi ba tun bara.

Bayan kwanaki, mata na tona ruwa, sai ga Arzika ya sauko ƙorama ba makaɗa. Ya tsaya gaban Hakama ya ce, “Uwar Nomau, ban iya faɗuwa ba.”

Ta ce, “Na gani. Cire layun nan, za su soke ka.” Ta kira wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce ta nuna masa.

Ba a daina kokawa a Maiƙaho ba, har yau in kaka ta yi ana kaɗa ganga. Amma ba a kai yaro fage sai ya fara zuwa wurin da ake kira Yashin Hakama, mace da namiji, an buga shi da ƙasa ya iya tashi. Ranar buɗe wasa, Sarkin Kokawa ne ke fara faɗuwa a gaban jama’a, ya mirgina ya miƙe, makaɗa na cewa, “Hakama dagen mata, mai furfurar daji, kin hana uwa kuka!” Kuma duk wanda ya yi kaye a garin ba ya juya baya. Yakan tsaya yana kallon wanda ya kayar, ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Baƙi kan ɗauka ladabi ne kawai. Mutanen Maiƙaho sun san saboda Nomau ne.