Madarar da Ta Ƙi Yin Barci

Akwai wata yarinya a garin Jibiya, Zulfa sunanta, 'yar aji biyar a wata makarantar sakandaren 'yan mata. Kai kam Allah ya ba ta. Tun daga aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya, kuma tana da wata ɗabi'a: ba ta iya jin tambaya ta yi shiru. Kafin malami ya rufe baki hannunta na sama.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar ɗaliba, Ummusalma. Daga wajen Maraɗi iyayenta suka ƙetaro suka zauna kusa da boda, inda mahaifiyarta ke sayar da fura da nono ga direbobi da matafiya. A can Maraɗi Ummusalma ta fara karatu da Faransanci, saboda haka Turancinta sai a hankali. Ranar farko ta kira malamin kimiyya "Mushe", kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, aji ya ɗauki dariya. Zulfa ta fi kowa dariya, don ba ta ga abin tsoro a tattare da yarinyar ba.

Malamin nan, Malam Bitrus, ya shigo wata rana da na'urar ƙara girman abu. Ya ce yau za su fara darasin halittun da ido ba ya gani: bakteriya, da bairas, da 'yan uwansu. Ya ɗiga ruwan kwata a kan ɗan gilashi, ya sa kowa ta leƙa. 'Yan mata suka yi ta ihu da suka ga abubuwa suna yawo a cikin ɗigo guda.

Sai ya tambaya, "To, duk bakteriya cuta suke kawowa?"

"Ƙwarai kuwa, Malam!" in ji Zulfa. "Kwalara, da taifot, da tarin fuka."

"Misalanki daidai ne, amma amsar ba ta cika ba. Akwai mai ƙari?"

Daga can baya Ummusalma ta ɗaga hannu a tsorace. "Malam, ni ina ga akwai na kirki. In Inna ta dahwa madara ta huce, sai ta zuba mata ɗan ragowar kindirmon jiya. In ba ta zuba ba, madarar ba ta yin barci. Ke nan akwai wani abu mai rai ciki."

Malam Bitrus ya ajiye alli ya tafa mata. Ya ce shekararsa tara yana koyar da darasin nan, ba a taɓa ba shi amsa daga cikin ƙwarya ba sai yau.

Jama'a, tafin nan bai wuce uku ba, amma a kunnen Zulfa kwana ya yi yana kaɗawa. Ta koma gida ko abinci ta kasa ci. Ita da ta haddace littafi tun daga bango har bango, a ce 'yar mai nono ce za ta gyara mata amsa? Kullum aka shiga darasin kimiyya sai ta ɗaure fuska. In Malam ya kalli bayan aji, zuciyarta ta yi baƙi. In Ummusalma ta gaishe ta, ta amsa a daƙile.

Bayan mako biyu Malam Bitrus ya sanar cewa za a yi gasar kimiyya a Katsina, kuma makarantarsu za ta tura wakiliya. Ya ce duk mai so ta shirya gwajinta a kan ƙananan halittu, ranar Juma'ar makon gobe a nuna a gaban aji.

Zulfa ta daɗe tana mafarkin wannan tafiya. Ta yi aikinta da kyau kuwa. Ta yanka burodi uku: ɗaya ta shafa da hannu mai datti, ɗaya da hannun da aka wanke da sabulu, ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ƙulle kowanne a leda ta jira. Kafin mako ya zagayo, na hannu mai datti ya yi fumfuna kore shar. Duk wadda ta gani sai ta yaba.

Amma yabon bai kwantar mata da hankali ba, don ta ji cewa Ummusalma kindirmo za ta haɗa a ɗakin gwaji, a kuma nuna bakteriyar cikinsa a na'ura. Ta san Malam zai so abin.

Ranar Alhamis da rana Ummusalma ta dafa madararta ta juye a ƙwarya, ta ajiye 'yar robar da ta kawo ragowar kindirmo a gefe, ta tafi sallar azahar kafin madarar ta huce. Zulfa na laɓe a bakin taga tana kallo.

Malam ya koya musu cewa zafin tafasa yana kashe bakteriya. Ilimin nan da aka ba ta don ta kare kanta daga cuta, shi ta ɗauka ta yi makami. Ta shiga ta juye kindirmon a wani gwangwanin tumatir da ta wanke, ta kunna risho ta tafasa shi. Ta tsoma gwangwanin a ruwa ya huce, ta dama sosai, ta mayar cikin robar. 

Ummusalma ta dawo ta ga kindirmon ya ɗan tsinke, ta ɗauka zafin rana ne. Ta yi bismilla ta zuba, ta rufe ƙwarya da faifai.

Da safiyar Juma'a Zulfa ta fara gabatar da burodinta, aka tafa mata. Aka kira Ummusalma. Ta ɗaga faifai, sai ga madara tsululu kamar yadda aka zuba ta jiya. Ta karkata ƙwaryar, ta sake karkatawa. Idonta ya cika da hawaye.

"Malam, wallahi tun ina shekara bakwai nike yin wanga aiki da Inna. Bai taɓa ƙi ba. Ban san mi ya hwaru ba."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Zulfa, irin wanda ta yi makonni ba ta ji ba.

Malam Bitrus bai yi faɗa ba. Ya ce, "Share hawayenki. Gwajin da ya ƙi ma darasi ne. Aji, wa za ta gaya mana abin da ya hana madarar nan yin barci?"

Wata ta ce ƙila madarar ba ta huce ba aka zuba. Ummusalma ta ce ta gwada da yatsa. Wata ta ce ƙwaryar ce sabuwa. Wata kuma daga gefe ta ce, "Malam, baki ne aka yi mata." Aji ya fashe da dariya.

Zulfa na zaune kamar a kan ƙaya. Tambaya na yawo a aji, kowa na faɗin shirme, ita kuma ga amsa a bakinta. Ta danne hannunta a ƙarƙashin tebur. Malam ya ce, "Ashe duk ajin nan babu mai kai?" Ai kuwa sai hannun ya tashi da kansa.

"Malam, bakteriyar ne suka mutu. Ba sa jure tafasa. Tunda aka ɗora gwangwanin a wuta, ko ɗaya ba zai rage ba."

"Amsa mai kyau," in ji Malam Bitrus a hankali. "Wane gwangwani?"



"Ni a roba na kawo shi," in ji Ummusalma. "Kuma ban tahasa shi ba."

Zulfa ta buɗe baki ta rufe. A karo na farko a rayuwarta an yi mata tambaya ta rasa amsa. Ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan littafinta.

Malam Bitrus ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda. Ya ce, "Ranar Laraba wasiƙa ta zo daga Katsina. Sun ce kowace makaranta ta turo ɗalibai biyu. Tun ranar na rubuta sunaye, don na san aikin kowa. Na so in ba ku albishir yau."

Ya ajiye takardar a gaban Zulfa. Sunanta ne na farko, na Ummusalma na biye.

Ummusalma ta matso ta ce, "Malam, don Allah ka bar ta mu tahi tare. Ta hi ni Turanci, ni kuma na yahe mata."

Wannan roƙon ya fi komai ƙona ran Zulfa. Ta so a ce yarinyar zaginta ta yi.

"Yafiyarki taki ce, kuma Allah ya saka miki," in ji Malam. "Amma ba zan tura wadda ke ɓata aikin wani ta tsaya da sunan makarantarmu ba."

Ya cire murfin biro, a gaban idonta ya ja layi a kan sunan.

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin ta take cinyewa. Sau da yawa abin da kake ƙyashin wani a kai, kai ma an riga an rubuta maka naka, da hannunka za ka goge shi. Ilimin da Allah ya ba ka kuma amana ne, kada ka mayar da shi makamin cutar da ɗan'uwanka. Ku tura wannan labari ga ɗalibai da iyayen da kuka sani, ƙila ya tsayar da hannun wani kafin ya yi abin da zai yi nadama.