Muzzammil da Manhajar Ban Ruwa

Muzzammil ɗalibi ne a wata cibiyar koyon kwamfuta a Kalgo. Kansa na ja, amma ji da kai ya yi masa yawa. Malama Khairiyya, mai koya musu gina manhaja, ba ta barin kowa ya taɓa kwamfuta sai an fayyace yadda ake so manhajar ta yi. Takan raba aji, wani ya zama manomi, wani mai gwaji, a yi ta jefa misalai.

"In hali kaza ne, aka yi kaza, me zai faru? Ku mai da amsar ta zama gwaji, sannan ku gina."

Muzzammil ya ce wannan wasan yara ne.

Da rani kawunsa Bawa, manomin albasa a Dalijan ta ƙasar Gwandu, ya nemi taimakonsa. Injin ban ruwa ɗaya suke karɓa-karɓa a fadamarsu, kullum rigima. Suna so saƙo ya riƙa gaya wa kowa ranarsa.

"Je ka zauna da su tukuna," in ji Malama. "Hankalina bai kwanta ba."

Bai je ba. Ya karɓi sunaye ta waya, ya gina abinsa a kan cewa kowace lamba ta mutum ɗaya ce. Ashe Bawa da ƙanensa Yusufu waya ɗaya gare su. Da aka shigar da Yusufu, sunan Bawa ya goge.

Layi ya zaga ba Bawa. Manoma kuwa sun yi alkawarin ba mai taɓa injin sai wanda saƙo ya ambata.

"Ɗana, ganyen ya fara kwantawa," in ji Bawa ta waya. "Yaushe nawa saƙon za shi zo?"

"Manhaja ba ta kuskure, Kawu."

Ya faɗa ne kawai. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Da ƙyar ya kai wa Malama matsalar. Aji na fara jefa misalai, wata ɗaliba, Mubaraka, ta ce, "In mutum biyu ke da waya guda fa?"

Nan take Muzzammil ya gane kuskurensa. Ya hau babur sai Dalijan, ya tarar albasar ta ƙone ƙurmus. Bawa bai yi faɗa ba.

"Da ita za mu ci shekara," ya ce. "Da ka taho ka tambaye mu, ai da mun gaya ma."

Darasin shi ne, kafin ka gina wa mutane abu, zauna da su ka ji yadda suke rayuwa, ka gwada tun ba a yi asara ba. Matambayi ba ya ɓata.